Bayan iyaye, wa zai riƙe su? Bayani kan dogaro da kai ga manya masu lalurar otizim a Samaru da Sabon Gari

A unguwannin Samaru da Sabon Garin Zariya ba a rasa mutumin da aka yi wa laƙabi da "miskili". Ya yi karatu, wataƙila har ya kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello. Yana iya kwance rediyo ya mayar da ita, ko ya riƙe lissafin da ya gagari kowa a gidan, amma ba ya iya taya kaya a kasuwa, ba ya zaman majalisa, kuma da zarar an sauya masa tsarin da ya saba, ranar ta ɓaci ke nan. Ya haura shekara 30, har yanzu mahaifiyarsa ce ke ajiye masa kuɗi.

Ba kowane miskili ne yake da lalura ba, amma wasu daga cikin masu irin wannan hali suna ɗauke da otizim mai sauƙi ba tare da an taɓa gano shi ba. Tambayar da ke hana iyayensu barci guda ɗaya ce: ranar da babu mu, yaya zai yi? Wannan maƙala ta tattaro abin da likitanci da doka suka ce, da kuma matakan da iyali za su iya ɗauka da abin da ke hannunsu a Zariya.

Mece ce lalurar, kuma me ake nufi da "mai sauƙi"?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, wanda yake bayyana tun ƙuruciya, ya zauna da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Kafofin yaɗa labarai na Hausa kan kira shi galahanga, sai dai ana amfani da wannan kalma ga wasu lalurorin daban, shi ya sa muka zaɓi sunan da likitoci suka sani. Alamominsa sun kasu gida biyu. Na farko, wahalar cuɗanya: rashin gane habaici da zaurance, ƙin haɗa ido, ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Na biyu, maimaita abu ɗaya, tsananin son tsari, zurfafa sha'awa a fanni guda, da jin ƙara ko haske ko wari fiye da yadda sauran mutane ke ji.

Likitan Amurka Leo Kanner ne ya bayyana lalurar a 1943, sannan Hans Asperger na ƙasar Ostiriya ya yi rubutu a 1944 kan yaran da ke magana sosai amma cuɗanya take ba su wahala. An daɗe ana kiran wannan rukuni da sunan Asperger, har zuwa 2013 lokacin da littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5, ya haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, ya raba su mataki uku bisa yawan taimakon da mutum yake buƙata. Abin da jama'a ke kira "mai sauƙi" shi ne mataki na 1: mutum yana magana, yana karatu, yana kula da jikinsa, amma yana buƙatar tallafi. Sauƙin a idon mai kallo yake. Da yawansu suna shafe yini suna kwaikwayon halin mutane don kada a gane su, su koma gida a gajiye liƙis, kuma fargaba da ciwon damuwa da rashin barci sun fi yawa a cikinsu.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da lalurar. A Amurka, inda ake yawan tantancewa, alƙaluman da hukumar CDC ta fitar a 2025 sun nuna yaro 1 cikin 31. Najeriya ba ta gudanar da ƙidayar ƙasa baki ɗaya a kan lalurar ba. Ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru take cikinta, tana da mutane kusan 290,000 a ƙidayar 2006. Idan aka ɗora ma'aunin 1 cikin 100 a kan wannan tsohon adadi ma, maganar mutum kusan 3,000 ake yi.

Binciken kimiyya ya nuna gado ne yake da kaso mafi girma wajen samuwar lalurar. Ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma sakacin uwa ba. Allurar rigakafi ma ba ta haddasa ta: binciken da ya yaɗa wannan zargi a 1998, mujallar The Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi a Birtaniya. Babu maganin da ke warkar da otizim. Magungunan da likita kan bayar na matsalolin da ke rakiyarsa ne, kamar farfaɗiya ko damuwa.

Dogaro da kai ba zaman kaɗaici ba ne

A ƙasashen Turai ana auna cin gashin kai da barin gidan iyaye. A ƙasar Hausa wannan ma'auni bai dace ba, domin magidanci mai 'ya'ya biyar yana iya zama a sashensa cikin gidan mahaifinsa, babu wanda zai ce bai mallaki kansa ba. Ko a can ɗin ma, waɗanda suka assasa fafutukar, irin su Ed Roberts da abokansa da suka kafa cibiyar zaman cin gashin kai a Berkeley ta Amurka a 1972, ba su ce mai lalura ya yi komai shi kaɗai ba. Abin da suka nema shi ne ya zama shi yake yanke shawara a kan rayuwarsa. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ya tabbatar da haka: mutum ya zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, a kuma samar masa da tallafi a cikin al'umma.

Tarihin mutum na farko da Kanner ya rubuta labarinsa, Donald Triplett, misali ne mai amfani. Ya rayu a ƙaramin garin Forest na jihar Misisifi, ya yi digiri, ya yi aiki kimanin shekara 65 a bankin da danginsa ke da hannu a ciki, yana tuƙa mota, ya kuma ci gaba da zama shi kaɗai a gidan iyayensa bayan rasuwarsu har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Abubuwa uku suka riƙe shi: aikin da ya dace da shi, dukiyar da aka tsara masa tun iyayensa suna raye, da mutanen gari da suka san halinsa suka karɓe shi a haka. Na ukun nan, Zariya ba ta rasa shi ba.

Matakin farko: a je a tantance

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ne yake ganowa ta hanyar hira, da lura, da sauraron tarihin ƙuruciya. Ga mazauna Samaru, wuri mafi kusa shi ne sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda mazauninsa yake Shika. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa mambobinta ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka sai an yi haƙurin layi.

Yana da kyau a tafi da wanda ya rene shi, uwa ko gwaggo ko babbar yaya, da tsofaffin takardun sakamakon makaranta idan suna nan. A nemi likita ya rubuta rahoto. Wannan takarda ita ce hujja a makaranta, a wurin aiki, a gaban hukuma, domin lalura ce da ido ba ya gani. Zuwa sashen ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum yana da taɓin hankali. Otizim da taɓin hankali abubuwa ne mabambanta.

Muhalli: daga ɗakin soro zuwa haya

Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya tanadi matakin farko. Saurayi idan ya tasa akan ba shi ɗaki a soro ko shago a ƙofar gida. A mayar da wannan ɗaki makaranta: makulli a hannunsa, shi zai share, shi zai wanke kayansa, shi zai sayi sabulu da man shafawa daga kuɗin da aka ƙayyade masa, a riƙa ƙwanƙwasawa kafin a shiga. Bayan wata shida ko shekara, a ƙara masa girkin abinci biyu ko uku masu sauƙi, da koyon kashe tukunyar gas da risho, da abin da zai yi idan wuta ta kama.

Mataki na biyu shi ne haya kusa da gida ko kusa da wani ɗan uwa. Samaru gari ne na ɗalibai da ma'aikata, ɗakunan haya sun wadata a Hayin Dogo, Zango da Palladan, sai dai ba kowane ɗaki ne ya dace ba. Abin da za a duba ya wuce kuɗin haya: kusancin ɗakin da janareta ko injin niƙa ko gidan kallon ƙwallo, yawan masu amfani da banɗaki ɗaya, nisan rijiya ko famfo. Ɗaki a ƙarshen gida mai banɗakinsa ya fi ciki da falo a bakin titi. A je duba ɗakin sau biyu, da rana da kuma bayan magariba. Tunda haya ta shekara ake biya, a karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce, a bayyana wa mai gida halin ɗan hayarsa, a kuma gabatar da shi ga mai unguwa da maƙwabci ɗaya amintacce. Duk wannan da yardarsa za a yi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuɗi da kasuwa

Nan ne aka fi cutar da su. Mai otizim yakan ɗauka kowa gaskiya yake faɗa, kuma yana jin nauyin cewa a'a. Masu damfara ta waya da abokan cin mushe sun san haka. Ya buɗe asusun banki da sunansa, da lambar NIN da BVN tasa. A raba kuɗin gida biyu: asusun kashewa na mako, da na ajiya wanda ba a haɗa shi da kati ba. A rubuta masa ƙa'idoji uku a takarda, a manna a bango: banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirri, ba a miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lambar, duk bashin da ya haura adadi kaza sai an kwana an yi shawara. Wanda yake taya shi duba asusu ya riƙa yin haka tare da shi, a rana sananniya, ba a bayan idonsa ba.

Kasuwar Sabon Gari, da cunkosonta da hayaniyarta da tayin da ba shi da ƙa'ida, tana iya rikita shi. Maganinta tsohuwar al'ada ce: a yi masa kwastoma. Mai shinkafa ɗaya, mai kayan miya ɗaya, mai nama ɗaya, waɗanda suka san shi, suke ba shi farashin gaskiya. Ya je da safe kafin kasuwa ta cika, da jerin kaya a rubuce. Haka ma hanya: a bi da shi daga Samaru zuwa Kwangila zuwa PZ sau da yawa a motar haya da a Keke, har ya san kuɗin mota, da inda ake sauka, da abin da zai yi idan an sauya hanya. Lambar direba ɗaya ko biyu da aka yarda da su ta kasance a wayarsa, da kati a aljihu mai ɗauke da sunan lalurarsa da lambar ɗan uwa, saboda shingen jami'an tsaro, inda rashin haɗa ido ko jinkirin amsa kan jawo zargi.

Karatu da sana'a

Ko a Birtaniya, alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta fitar a 2021 sun nuna kashi 22 cikin 100 ne kawai na manya masu otizim suke da aiki. Galibi ba iyawa ce take kayar da su ba, sai hirar ɗaukar aiki da siyasar ofis. Samaru tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: jami'ar da aka kafa a 1962, Cibiyar Binciken Aikin Gona, cibiyar fasahar sarrafa fata, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Kewaye da su akwai ayyukan da ke son natsuwa da kiyaye ƙa'ida: ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin karatu, shigar da bayanai a kwamfuta, buga takardun ɗalibai da ɗaure su, renon irin shuka, kiwon kaji. A Sabon Gari akwai gyaran waya, ɗinki, haɗa na'urar hasken rana, da riƙe littafin shago. Ba duka ne gwanayen lissafi ko kwamfuta ba. A bi abin da mutum yake so. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, mai otizim ce da sha'awar shanu ta zame mata sana'a.

Idan za a kai shi koyon sana'a, a zauna da ubangidan tun farko. Ya riƙa ba da umarni ɗaya bayan ɗaya, a fili, ba da habaici ba. Ya sanar da shi kafin a sauya aiki. Ya hana sauran yara tsokanarsa. A kuma yanke maganar lada a gaban shaidu, domin ana yawan mayar da irinsu 'yan aike na har abada. Ga mai neman shiga jami'a, hukumar JAMB tana da kwamiti na musamman da ta kafa a 2017 domin masu buƙata ta musamman, wanda daga baya ya haɗa da masu otizim; sai a bayyana lalurar tun lokacin rajista.

Mata da maganar aure

Ana gano lalurar a maza kusan ninki huɗu na mata, kuma masana suna ganin ana tsallake mata da yawa. A al'adarmu yarinya mai shiru da sunkuyar da kai yabonta ake yi da kunya, sai ta je gidan miji, ga dangin miji ga baƙi ga biki, sannan a fara cewa ba ta son mutane. Mace ma tana buƙatar sana'arta da asusunta, da bayani ƙarara kan jikinta da iyakar da ba a ƙetarewa, domin haɗarin cin zarafi ya fi yawa a kansu.

Masu otizim suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida. Amma aure ba magani ba ne, kuma mata ko miji ba ma'aikacin jinya ba ne. A faɗa wa ɗaya ɓangaren gaskiya kafin a sa rana, a tabbatar da yardar mai lalurar da bakinsa. Auren da aka ƙulla a kan ɓoye-ɓoye, a gaban alƙali yakan ƙare.

Abin da doka ta tanada

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, sai dai ta saƙala sharaɗin "gwargwadon iko", wanda ya zame wa hukumomi ƙofar zillewa. Ta ba da fifiko a layi, ta haramta amfani da mai lalura wajen bara, ta kuma samar da hukumar ƙasa da aka kafa a 2020. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2021, da hukumar kula da al'amuran masu buƙata ta musamman. A Janairun 2023 aka sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Giɓin da ya rage shi ne, hankalin masu aiwatarwa ya fi karkata ga lalurar da ake gani, nauyin manya masu otizim kuwa yana wuyan iyali.

Kulle mutum ko ɗaure shi da mari ba magani ba ne. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, kuma a Nuwambar shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a sassan Najeriya. Idan mai otizim ya rikice, yana ihu ko ya ƙi magana, yawanci hayaniya ce ko sauyi ya fi ƙarfinsa. A rage mutane, a rage magana, a ba shi lokaci. Idan kuwa ya daina cin abinci, ko ya bar abin da yake so, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar.

A shari'ar Musulunci lalura ba ta hana gado. Ma'aunin miƙa wa mutum dukiyarsa shi ne rushdu, wato iya sarrafa ta, kuma malamai sun yi bayanin a jarraba shi da kaɗan kafin a ba shi mai yawa. Sunan lalura kaɗai bai isa hujjar da 'yan uwa za su riƙe kasonsa ba. Idan an yi saɓani, alƙali ne zai duba.

Shirin da ake yi tun iyaye suna raye

A tara 'ya'ya da dangi na kusa, shi ma yana zaune, a amsa tambayoyi huɗu a rubuce: ina zai zauna, me zai riƙa shigo masa da kuɗi, wa zai taya shi duba asusu, wa zai raka shi asibiti. Kada a ɗora duka a kan mutum ɗaya, kuma wanda yake taya shi riƙon kuɗi ya kasance akwai na biyu da yake ganin lissafin. Idan an ba shi kyautar ɗaki ko shago, a damƙa masa a hannu, a yi takarda da shaidu. A ajiye rahoton likita, da takardun banki, da jerin abubuwan da ke tayar masa da hankali da waɗanda ke kwantar masa, a wurin da aka sani.

Wani zai kai ga hayar ɗakinsa a Palladan, wani iyakarsa sashensa a gidan gado da shagonsa a ƙofar gida. Duka biyun nasara ce muddin shi ya zaɓa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a koya wa mutum cefane da riƙon kuɗi a makon zaman makoki. Gara a miƙa masa makullin ɗakinsa da kuɗin mako tun yau, a tsaya kusa ana kallo, ya yi kuskurensa yayin da masu gyara masa suke da rai.